Agogon da Ba a Naɗe Ba

Ƙarar ta iso caji ofis da la'asar, Sufeto na ƙoƙarin shan shayin da ya riga ya huce.

"Yallaɓai, an yi sata a kantin agogo na babbar kasuwar nan mai benaye," in ji Sajan daga bakin ƙofa. "Baƙi ne, 'yan hutu. An ma kama ɓarawon."

"To me ake nema da ni, in an kama shi?"

"Tsoho ne tukuf. Kuma kai ne kake jin yarensu."

Sufeto ya ture kofin. A shekarunsa na aiki ya lura cewa ƙarar da ta zo da amsarta a hannu ita ce ta fi ba shi wahala.

Kantin na hawa na biyu, gilashi ko'ina, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Manaja ya tarbe shi yana goge goshi duk da sanyin. A kan tebur an ajiye agogon da aka ce an sace, na zinariya mai baƙar fuska.

"Su uku suka shigo," in ji Manaja. "Tsohon, da ɗansa, da 'yarsa. Mai sayarwarmu ta fito musu da farantin agoguna, ta juya ɗauko wani, da ta waiwayo sai ga gurbi ɗaya fanko. Nan take na sa a rufe ƙofa."

"Wa ya caje su?"

Mai gadi ya matso. "Ni ne, Yallaɓai. Na duba jakunkuna, na duba ɗan, ba komai sai tarkacen takardu a aljihun kwat. Da na nufi tsohon sai ɗan ya taso mini, wai duk wanda ya taɓa masa uba sai an ji kansu. Wallahi har na fasa. Tsohon ne da kansa ya ce a bar ni in yi aikina. Shi ya zazzage aljihunsa a kan teburin nan, yana murmushi. Sai ga agogo tare da mabuɗan akwati da sulalla."

"Yana murmushi?"

"Har sai da ya gani."

Sufeto ya ɗaga agogon zuwa haske. A kan gilashinsa akwai ɗan karce sabo, irin wanda ƙarfe ke yi.

"Ina takardar farashinsa?"

Manaja ya duba farantin, ya duba ƙasa. "Kowanne da tasa, ɗaure da zaren roba. A cikinta ma abin da ke tada ƙararrawar ƙofa yake. Ƙila ta faɗi." Ya rage murya. "Sufeto, ni ba na son fitina. Ɗan ya ce tsohon ya fara mantuwa. Kayana sun dawo. In ya amsa a gabanka cewa ba a cikin hayyacinsa ya ɗauka ba, na janye ƙara, gobe su hau jirginsu."

Maganar ta yi daɗi a kunne. Ba wanda zai kwana a sel, ba wanda za a riƙe wa fasfo. Abu ɗaya kawai za a rasa, shi kuma ba ya cikin abin da Manaja ke lissafawa.

An zaunar da tsohon a ƙaramin ofis na bayan kanti, tsakanin kwalaye. Sandarsa na jingine da gwiwarsa, yana kallon tafin hannunsa kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Baba, sannu da hutawa."

"Yauwa, ɗana. Kai ne hukumar?"

"Ni ne. Mece ce sana'arka a gida?"

"Gyaran agogo. Tun ina da baƙin gemu nake zaune a rumfa guda. Mutum ya bar mini agogonsa ya yi tafiya, ya dawo bayan shekara ya tarar da abinsa. Ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba." Ya sake duban tafin hannunsa. "Sai yau."

"Kai ka ɗauka?"

"Ban sani ba. Abin da ke ci mini rai ke nan. Kwanakin baya na sa hulata a firij. Na kira 'yata Auta da sunan mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta. In mutum zai iya wannan, me zai hana ya yi wancan? Sun ce in ce na manta. To in na ce haka, daga yau duk gidan da na shiga sai an ɗauke abin da ke kan tebur."

Sufeto ya kwance agogon hannunsa, tsohon yayi mai ɗamarar fata, ya miƙa masa.

"Duba mini wannan, Baba. Yana ja mini baya."

Hannun ya karɓa ba wata-wata. Tsohon ya kara agogon a kunne, ya lumshe ido. Sannan ya zaro hankici fari, ya shimfiɗa a cinya, ya naɗe agogon a ciki lulluɓi biyu, kafin ya sa a aljihun ƙirji.

"Ka dawo jibi," ya ce. Sai kuma ya farga, kunya ta kama shi. "Ka gani ko? Na ɗauka a rumfa nake."

"Riƙe mini shi tukuna. Kullum haka kake naɗewa?"

"Wa zai jefa agogo tsirara cikin aljihu? Gilashi ne fa. Ko na ɗan makaranta ne sai na naɗe."

Sufeto ya fito a hankali. Ƙwaƙwalwa takan manta, amma bai taɓa ganin hannun da ya manta sana'arsa ba.

'Yar tsohon, wadda suke kira Auta, na zaune a benci a bakin kantin, ledoji da jakunkuna sun kewaye ta kamar mai jiran mota. Idanunta sun yi ja.

"Ba ni labarin yinin nan tun daga farko."

"Yau ce ranar sayayya, Yallaɓai, gobe za mu koma. Kowa a gida ya ba da sautu. Matar Yaya takalma, maƙwabciya turare, jikoki kayan wasa. Mun fara da layin yadi, muka ci abinci a ƙasa, muka hau nan. Baba ne ya ce shi ba ya son komai, a kai shi kawai ya ga agogunan zamani."

"Wa ya shirya tafiyar?"

"Ni. Likita ya ce a riƙa faranta masa tun yana gane mu. Na ce Yaya ya zo ya taya ni, saboda hawa da sauka."

"Ina yayan naki yake lokacin da aka fito da farantin?"

Ta ɗauke kai. "Yana waje. Waya yake amsawa."

Sufeto bai musa ba. Ya durƙusa ya buɗe leda ɗaya. Takalma ne sababbi, ba kwali, an cusa safa a cikinsu. Ya buɗe wata: kwalaben turare a naɗe cikin riguna. Ya juya wuyan wata riga. Wani guntun zaren roba ya leƙo, an datse shi daidai wa daida.

"Ina kwalayen? Ina takardun farashi?"

Duk da halin da take ciki sai da ta ɗan yi murmushi. "Aikin Yaya ne. Kwali yana cin kilo a jirgi, takarda kuma in 'yan kwastan sun gani sai su ce kayan sayarwa ne. Ko cokali muka saya, kafin mu bar kanti ya datse. Baba har tsokanarsa yake, wai wanzamin kaya."

"Da me yake datsewa?"

"Da abin yankan farce. Yana jikin..." Ta tsaya. Murmushin ya gushe.

Sajan ya iso ya raɗa masa cewa ya kalli kyamara. Ba a ganin hannun kowa, domin wani faffaɗan baya mai kwat ya tare farantin. Amma bayan yana nan, a jikin tebur, ba a waje ba.

"Auta," in ji Sufeto, "kin ce waya yake amsawa."

Ta rufe fuska da gyale. "Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, Yallaɓai. Ban ga komai ba. Tsoron abin da ban gani ba nake ji."

Yayan nata na tsaye can wajen matakala, ƙato, mai furfura jifa-jifa a gemu. Da aka kira shi cikin kanti ya shigo da fara'ar mutumin da ya saba sasanta rigima.

"Ranka ya daɗe, ai mun gama magana da Manaja. Tsufa ne. Kai ma Allah ya kai ka. Mutum ya ƙare rayuwarsa cikin agogo, hannunsa da kansa yake zuwa."

"Haka ne. Me ya sa ka hana a caje shi?"

"Haba! Ubana ne fa. Kai za ka tsaya wani ƙato yana laluben mahaifinka a bainar jama'a?"

"Ba zan tsaya ba. Ara mini abin yankan farcenka."

Ya yi dariya, ya ciro mabuɗansa. Ƙaramin abin na lilo a jikin zoben.

"Yanzu zazzage mini aljihun kwat ɗin nan."

"An riga an duba."

"Agogo aka nema. Ni takardu nake so."

Ya tura hannu ya fito da su danƙi guda, ya zube a kan gilashin tebur. Ta takalmi, ta turare, ta rigunan yara, duk sayayyar yini ga ta nan. Sufeto ya riƙa ware su da ɗan yatsa, ba gaggawa. Can ƙasa akwai wata ƙarama mai kauri, baƙa da rubutun ruwan zinariya.

Manaja ya ɗauka, ya kifa agogon, ya gwada lambar da ke bayansa da wadda ke jikin takardar. Ya gyaɗa kai.

"Mai mantuwa yakan ɗauki abu," in ji Sufeto. "Amma ba ya datse abin da ke tada ƙararrawa. Mahaifinka kuma ba ya jefa agogo cikin mabuɗai. Da ka taɓa zama a rumfarsa ko na yini ɗaya, da ka san yana naɗewa. Kai ma hannunka ne ya bi sabo. Ka datse, ka cusa a inda ka saba cusawa."

Mutumin ya nemi kujera ya zauna. Fara'ar ta zube, ya koma kamar an sace masa iska.

"A otal zan cire shi daga aljihun Baba," ya ce da ƙyar. "Ba zai ma sani ba."

"In kuma aka kama?"

"Wa zai ɗaure tsoho mai mantuwa? Na ce ko ta yaya ba wanda zai cutu." Ya share fuska. "Ranka ya daɗe, ni ne babba. Ƙanwar da na goya ita ta kawo mu, ita ke shiga kanti ta nuna, ni ina biye da ledoji kamar ɗan dako. Kowa zai koma da abin nunawa. Na ga agogon, na ce ni ma in sauka daga jirgi da wani abu a hannuna."

"Ka ce ba wanda zai cutu," in ji Sufeto. "Tun ɗazu mahaifinka na can yana tuhumar hannunsa. Abu ɗaya ciwon nan bai riga ya karɓe masa ba, amanar hannunsa, ita ka ɗauka ka yi garkuwa da ita."

Manaja ya ce wannan kam ba zai janye ba. Sajan ya ciro ankwa.

Sandar tsohon ce ta fara bugun ƙasa kafin su gan shi. Auta na riƙe da gwiwar hannunsa, ba wanda ya san tun yaushe yake tsaye a ƙofar ofis. Ya dubi takardun da ke kan tebur, ya dubi ankwar, ya dubi ɗansa. Ɗan ya sunkuyar da kai.

"Ɗana," tsohon ya ce wa Sufeto, "in na ce ni na ɗauka, za ku sake shi?"

"Ba kai ka ɗauka ba, Baba."

"Tsoho ne ni. Ina mantuwa. Kowa ya shaida."

"Ba kai ka ɗauka ba," Sufeto ya maimaita, a hankali, domin ya ga kamar maganar na bukatar wurin zama.

Tsohon ya ciro hankicin daga aljihun ƙirji, ya warware, ya miƙa wa Sufeto agogonsa da hannu biyu.

"Datti ne ya yi masa yawa, a wanke shi a sa mai. Ba abin da ya lalace."

Sajan ya kama hannun ɗan, suka nufi matakala, suka ratsa masu sayayya da ledojinsu. Tsohon ya bi su da ido har kwat ɗin ya ɓace.

"Auta," ya ce, "tun da aka zaunar da ni a ɗakin can nake roƙon Allah ya sa ba ni ba ne." Ya ninke hankicin da ba komai a ciki, lulluɓi biyu, ya mayar aljihu. "Ga shi ya amsa. Ashe ban san abin da nake roƙo ba."