Gawar Baba Rufus a Gonar Citta

Rana ta take tsaka lokacin da Insifekta Azariya ya isa wani ƙauye a bayan Kwoi. Baba Rufus, dattijon unguwa, yana kwance a iyakar gonar citta, an rotsa masa kai da fartanya. Azariya ya durƙusa ya duba raunin.

Mutanen gari kuwa har sun yanke hukunci. Sun yi wa wata mata zobe, saura ƙiris a fara jifa.

"Ita ne, Oga," in ji Henry, ɗan ƙanen mamacin. "Kullum tana bin Baba gona-gona da tambaya."

Azariya ya ja ta gefe. Sunanta Hulda, daga jami'a take.

"Me ya kawo ki nan?"

"Bincike, Yallaɓai. Aikinmu sai ka zauna da mutane, ka ci abincinsu, ka yi nomansu, ka lura. Baba yana zagayawa da ni, yana gaya mini yadda kakanni suka raba gonaki."

"Yau da safe fa?"

"Ina wurin gayya. Ina duba wanda ke tsayawa kusa da wa, don a nan bisa girman gida ake jeruwa." Ta dubi inda Henry yake tsaye. "Layin Henry babu kowa sai da aka kawo kunu."

Azariya ya kira shugabar mata, Mama Milka. Da farko ta rantse kowa ya zo gayyar, har limamin coci ta sa shaida. Da ya nuna mata layin da aka bari da ciyawa, sai ta sunkuyar da kai.

A ofishin 'yan sanda Henry ya fara da cika baki, wai ya je gyaran babur. Aka kira bakanike, ya ce rabonsa da shi tun Kirsimeti. Nan Henry ya fara faɗin gaskiya.

"Jiya na ji Baba yana gaya wa Hulda gonar da nake nomawa na marayun marigayi Samson ne," in ji shi. "Na ce in ta buga a littafi, kotu za ta ƙwace. Da safe na roƙe shi ya janye, ya ƙi, sai na ɗaga fartanya."

Hulda, da ke zaune tana ba da bayani, ta miƙe a hankali.

"Henry, a aikinmu ba a sa sunan kowa. Sunan Baba na canja, naka na canja, har na ƙauyen. Babu alƙalin da zai gane gonarka."

Henry ya dube ta, ya dubi hannuwansa.

"Wato ba wanda zai sani?"

Wani kofur ya buga masa ankwa, aka fita da shi.