Saba Mai Lamba Uku

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Alhamis aka bugo wa Sufeto waya daga wani kamfanin gwajin jini. An sace sakamakon gwajin mutum dubu tara daga kwamfutocinsu. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba. Sun farga ne bayan da wani ya kira wata mata a waya, ya karanta mata sakamakonta tiryan-tiryan, har da ranar haihuwarta.

Sufeto ya ture kofin shayinsa, ya ce wa Saje ta ɗauko mota.

Manaja ne ya tarbe su a bakin ƙofa, yana share gumi duk da sanyin na'ura. Ya riga ya yanke hukuncinsa. Ya nuna wata matashiya da ke zaune a kan benci, idanunta sun yi ja, ya ce ita ce, a tafi da ita kawai. Mai Faci ake kiranta a ofishin.

"Faci?" in ji Sufeto. "Irin na taya?"

"Kusan haka, Yallaɓai," ta ce. "Masu ƙera babbar manhajar da ke tuƙa kwamfuta su kan gano ɓaraka, sai su aiko da gyara. In ba a sa gyaran ba, ɓarawo ta nan zai shigo."

Ta kai su ofishinta, ta nuna musu wani faffaɗan allo a jikin bango. Kamfanin yana da manyan kwamfutoci biyar masu riƙe da bayanai, waɗanda ake kira saba. Kowace safiya kowace saba takan aiko wa allon rahoton kanta. Kore na nufin ta sha faci na ƙarshe, ja na nufin an bar ta a baya. Aikinta shi ne ta sa ido, ta bi wadda ta yi ja, kowace Litinin kuma ta sa hannu a rahoto.

Duk biyar ɗin kore ne shar.

Amma ɓarayin ta Saba Ta Uku suka shiga, ta wata ɓaraka da aka fitar da facinta wata takwas da suka wuce. Wani abin kuma, ranar Laraba da tsakar rana an goge rajistar shiga da fita ta sabar, da sunan Mai Faci aka shiga aka goge.

Ta rantse a lokacin tana asibiti, ta kai jaririyarta rigakafi. Manaja ya ce ƙarya ne, wuni ta yi a ofis. Saje ta nufi wurin sakatare ta dawo da takardar neman izinin fita ta Mai Faci. Sa hannun Manaja ne a ƙasa, ɓaro-ɓaro. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce aiki ya yi masa yawa, ya manta.

"Ka riƙa tunawa, ranka ya daɗe," in ji Saje. "Mantuwa irin wannan tana kai mutum gidan yari. Wani mutum, ba kai ba."

Sufeto ya tambayi wa ke riƙe da Saba Ta Uku. Aka ce Tsohon Hannu, shugaban sashen kwamfuta, shekararsa goma sha ɗaya a kamfanin. Shi ya rubuta manhajar da ke fitar da sakamakon gwaji, shi kaɗai ya san cikinta, shi kaɗai ke sa wa sabar faci. Sau uku Mai Faci ta rubuta takarda a bar ta ta leƙa da kanta. Sau uku Manaja ya ce ta bar dattijo ya yi aikinsa, tunda allo kore ne.

Tsohon Hannu ya zo da makulli a hannu, furfura a gemu, murmushi a fuska. Ya buɗe musu ɗakin sabobin. Sanyi ya buge su, fankoki na ta gunji. Ya ce yarinyar kamar 'yarsa take, shi ya buɗe mata asusun shiga ranar da ta fara aiki, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Facin kuwa, duk wanda ya fito yakan sa shi cikin mako guda.

Manaja ya shafa ƙarfen sabar kamar mai shafa motar da ya saya jiya. Ya ce wannan ita ce abin alfaharin kamfani, ta fi shekara ba ta tsaya ko na minti ɗaya ba.

Sufeto ya juya wurin Mai Faci. "Ƙanwata, wayata in ta sabunta kanta, sai ta mutu ta taso. Ita wannan fa?"

Sai idanunta suka buɗe. "Manyan faci ba sa kamawa sai an kashe an kunna, Yallaɓai."

"To a tambaye ta, yaushe rabonta da mutuwa."

Tsohon Hannu ya ce taɓa sabar a lokacin aiki haɗari ne. Sufeto ya ce shi zai ɗauki alhakin. Dole dattijon ya zauna ya danna. Amsa ta fito a ƙaramin allo: kwana ɗari huɗu da goma sha biyu.

Nan take ya canza magana. Ya ce akwai dabarar da ƙwararru ke yi su sa faci ba tare da kashewa ba. Mai Faci ta ce akwai, amma ba a kan tsohuwar manhaja irin wannan ba. Ya ce ai yarinya ce, me ta sani. Sufeto bai yi musu da kowa ba. Ya fita barandar ofis yana juya abin a ransa. In sabar ba ta sha faci ba, to wa ke amsa wa allo da sunanta kowace safiya?

Wata mai shara, mace mai jiki da fara'a, tana goge daɓe. Sufeto ya ɗaga ƙafa ta wuce, ya tambaye ta ko akwai ɗakin da ba a bari ta shiga.

"Ko'ina ina shiga, ɗana," ta ce. "Ƙarƙashin teburin Tsohon Hannu ne kawai aka yi mini iyaka. Wata rana tsintsiyata ta fizge wayar wani ɗan akwati a wurin, ya yi mini faɗa kamar na kashe masa ɗa. Ni da ko mijina bai taɓa ɗaga mini murya haka ba."

Sufeto ya tara kowa a ofishin Mai Faci, gaban allon. Ya raɗa wa Saje magana, ta fita. Ya ce kowa ya zuba ido a kan lamba uku, ya sa Mai Faci ta umarci allon ya kira sabobin yanzu-yanzu.

Huɗu suka amsa. Ta uku ta koma toka-toka, ba amsa. Ta bango kuwa ana jin gunjin sabar, lafiyarta ƙalau.

Saje ta shigo riƙe da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi akwatin takalmi ba, wayarta na reto. Ta ɗora ta a kan tebur.

"Ga mai amsawa," in ji Sufeto. "An laƙaba mata sunan Saba Ta Uku. Ita ake yi wa faci, ita ke aiko da kore. Ta gaskiyar kuma tana can a buɗe. Baba, ko in ci gaba?"

Tsohon Hannu ya nemi kujera. Murmushin ya tafi. Ya ce ya gwada sabon facin sau ɗaya, manhajarsa ta ƙi tashi. Da ya faɗa, da an sayo sabuwa, an kawo yara, shi kuma a ce ya je ya huta. Sai ya shirya akwatin, da niyyar cikin wata ɗaya ya gyara manhajar. Wata ɗaya ya zama shekara. Ranar Laraba ya ga sawun ɓarayin, ya tsorata, ya yi amfani da ikonsa na shugaba ya shiga da sunan Mai Faci ya goge.

"Da sunan 'yarka," in ji Saje.

Bai ɗago kai ba. Ya ce kafin ya goge ya kwafi rajistar, tana cikin akwatin. Sufeto ya sa Saje ta rufe akwatin a jakar shaida. Da wannan sawun, sashen laifukan intanet zai bi ɓarayin har gida.

Aka sa wa Tsohon Hannu ankwa. Ya miƙa makullin ɗakin, Manaja ya kawo hannu, Sufeto ya karɓa ya ba Mai Faci.

Manaja ya fara kame-kamen ban haƙuri. Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ce za ta kashe Saba Ta Uku yanzu, a gaya wa rassan kamfanin su koma takarda da biro har sai ta gama. Ya ce ko za a bari sai an tashi aiki.

"Yanzu, ranka ya daɗe."

Suna fita da dattijon zuwa mota, Sufeto ya jiyo Manaja da kansa yana bi ofis-ofis yana sanarwa.