Ƙwayoyin Auta a Kwalbar Farasitamol

Tun safe Umma take safa da marwa a falo. Yau Hajiya, mahaifiyar Injiniya saurayin 'yarta Auta, za ta zo ganin yarinyar.

"Kin ji ni ko? Kada bakinki ya kuskura ya ambaci asibitin ƙwaƙwalwa!" in ji Umma. "Ƙwayoyinki ma na juye su a kwalbar farasitamol, na ƙone kwalin."

Auta ta sunkuyar da kai. Shekara biyu tana shan maganin ciwon damuwa, ta samu sauƙi har ta koma koyarwa, amma a gidansu har yau zazzaɓi ake ce wa abin. Ko Injiniya bai sani ba.

Hajiya ta iso, aka gaisa. Can sai ta dafe goshi.

"Wash! Kaina kamar zai tsage."

Idonta ya faɗa kan kwalbar. Umma sarkin dabara ashe a kan talabijin ta manta ta! Hajiya ta miƙa hannu ta zazzago biyu a tafinta.

 Auta ta san in ta yi shiru aurenta ya tsira, amma dattijuwar nan za ta haɗiyi abin da ba nata ba.

"Hajiya, kada ki sha! Nawa ne... na asibitin ƙwaƙwalwa."

Hajiya ta zubar da su kamar ta taɓa garwashi, ta ja mayafinta, ta fice ba sallama.

"Kin kashe mu!" Umma ta fashe da kuka.

Kwana tara Injiniya bai kira ba. Auta ta rame, ko motsin ƙofa ta ji sai ta tashi ta leƙa. Ran na goma ya yi sallama.

"Sori, Auta. Ni da Hajiya muke ta fama, wai jikokinta za su gaji hauka. Na ce mu je ta ji daga bakin likitanki. Filis, kin yarda?"

Suka je. Hajiya ta tsare likita da tambayoyi har ya nemi ruwa. Daga ƙarshe ya ce, "Hajiya, ciwo ne kamar hawan jini. Ana shan magani, ana aiki, ana aure."

A bakin ƙofa Hajiya ta kamo hannun Auta, idonta ya ciko.

"'Yar nan, kin zaɓi lafiyata a kan aurenki. Ki yafe min. Ke nake so wa ɗana."

Auta ta rushe da kukan daɗi. Ciwon ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne. Ɓoye shi ne ya kusa cutar da wadda ba ta ji ba, ba ta gani ba.