Tulun Iya Talatu

Ruwan da aka wuni ana tafkawa ne ya makarar da Miriam. Sai dab da almuru ta isa Utai, motarta duk taɓo. Ma'aikaciyar jami'a ce a Wudil. Aikinta ɗaukar surar kayan tarihi da na'ura: ta haska abu ta kowane gefe, sai ya fito a kwamfuta sak, a juya shi yadda ake so, ko da na ainihin ya fashe gobe. Ta ɗauki takubba, ta ɗauki akusa da tambura. Yau tulu ne, a wani tsohon gida da damina ta fara ci. An ce ɗakin ba zai ga kaka ba.

Iya Talatu, tsohuwar da ta rage a gidan, ta amsa gaisuwarta a gajarce.

"Jikana ne ya kira ku, ba ni ba," in ji ta. "Ki yi abin da ya kawo ki, 'yar nan, amma kar ki taɓa shi."

Ɗakin na warin jemage da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tulun na tsakiya, baƙi ƙirin, ya kai mata gwiwa. An liƙe bakinsa da marufin yumɓu, an ɗaure da tsohuwar fata. Miriam ta ɗora kwamfuta a kan wani kifaffen turmi, ta kunna na'urar hannu, ta fara zagayawa. Shuɗin haske na bin cikin tulun. A fuskar kwamfuta yana ta fitowa sannu a hankali: ciki, kafaɗa, wuya. Saman ne ba ta kai ba tukuna, don haka wajen bakin rami ne kawai, baƙi.

Kwaɗin da ke ta kuka a bayan gida suka yi tsit.

Sai ta ji ƙarar farce yana kankarar yumɓu. Ta dubi tulun. Yana nan a liƙe. Daga kwamfutar ƙarar ke fitowa.

Ta waiwaya.

Yatsu ne a bakin tulun da ke cikin kwamfuta. Dogaye, masu gaɓoɓi da yawa. Sun kamo gefen daga ciki.

Iya Talatu ta leƙo ta kafaɗarta. Numfashinta ya sauya.

"Ina marufin naki?" ta raɗa.

"Ban kai wurin ba, Iya."

"Tun kakannin kakanninmu abin da ke ciki yake neman ƙofa. Kin gina masa wani gidan, kin bar shi a buɗe."

Miriam ta kai hannu za ta kashe kwamfutar. Tsohuwar ta cafke ta.

"In kin kashe, a buɗe zai zauna. Rufe masa baki!"

Alamar batir ta koma ja.

Miriam ta tsaya a kan tulun na gaske, ta saita hasken a kan marufin. Ɗakin ya cika da ƙaurin ƙonannen gashi. A kwamfutar ramin ya fara tsukewa.

Tsakar kai ta ɓullo. Babu gashi, sai tsagogi irin na busasshen tabki.

Wani abu mai sanyi ya damƙe mata wuyan hannu. Ba ta ga komai ba. Yana jan hannun ƙasa.

"Yesu, ka taimake ni."

Iya Talatu na karanto ayoyi.

Goshi ya fito.

Miriam ta riƙe na'urar da hannu biyu, ta danna hasken a kan ɗan wurin da ya rage.

Ramin ya rufe.

Abin ya sake ta. Ta faɗi da baya, ta suri kwamfutar, ta ja tsohuwar suka fice. Ba su kai zaure ba bangon ɗakin ya rufto.

Da gari ya waye maƙwabta suka tone ƙasar. Tulun ya tarwatse, kuma babu komai a cikinsa, ko ƙura. Iya Talatu ta koma wurin jikanta, ba ta ƙara yi wa kowa magana ba har ta rasu kafin kaka. Miriam kuwa yatsunta na dama ba su sake jin zafi ko sanyi ba. Ta daina fita ƙauyuka. Surar tulun ta bar ta a kwamfutar ofis, tana tsoron gogewa kada gogewar ta zama fasawa.

Wata ranar Litinin da hantsi ta shigo ta tarar da Ridwan, abokin aikinta, yana juya tulun a kwamfutar.

"Madam, wannan aikin ya yi kyau," in ji shi. "Sai dai gindin. Tunda a ƙasa yake zaune, haske bai kai can ba. Kin ga? A buɗe yake."

Ya kifa shi don ta gani, yana ta murza wuyan hannunsa.