Jakin Baba Daudu a Bakin Kwari

A daminar da laka ta riƙe motocin garin Doka, Mutaz ya fara ganin Raliya. Yaƙi ne ya koro shi daga Madani. Baya ba komawa, gaba ba hanya. Da rana yana noma a gonar dawa, da la'asar ya zauna gefen teburin shayin Hajja Atine, ya zana hanya a ƙasa, ya tara ma'aikata a wani wasa da ya ƙirƙira. Kowa ya zaɓi wanda zai zama: direban lori, ungozoma ko mai jaki. Mutaz ya ba da labarin tafiyar, a watsa ƙwayoyin wuri, yadda suka faɗi haka rabon mutum.

Raliya, 'yar Hajja Atine, ta ajiye masa shayi, ta ƙi tafiya.

"Ya zol, bawan Allah, wasanka kurkuku ne," ta ce. "Kowa a bakin kwari yake ƙarewa."

"Abin da na gani a hanya ke nan."

"To kai yaya aka yi ka iso?"

"Wani ne ya sauko daga lori ya jawo ni."

"Sa shi a wasan mana."

Ya sa. Daga ranar, wanda ya yi gaba yana iya komawa ya ceto wanda ya maƙale, amma zai rasa matsayinsa. Wasan ya yi daɗi, zancen su biyu ya fi shi.

"Habibti, kin buɗe wa wasana ƙofa. Ni kuma kin rufe ni," ya rubuta mata.

"Zauna a ciki, ɗan Madani. Makullin ya ɓata."

Akwai Hafizu, direban tarakta, wanda ya daɗe yana sonta. Shi ya kai wa mahaifinta, Baba Daudu, cewa baƙon caca yake koya wa mutane. Tsohon ya hana Raliya fitowa wurin shayi.

"Baba ya ce gobe zai zo ya gani da idonsa," ta rubuto. "Kada ka kayar da shi, raini ne. Kada kuma ka yi masa alfarma, ya tsani a lallaɓa shi."

Mutaz ya juya saƙon ta ko'ina, bai ga mafita ba.

Baba Daudu ya zo, ya zaɓi mai jaki. Hafizu ya ɗauki lori. Aka rasa mutum na uku, aka ajiye dutse a madadin ungozoma, Hajja Atine na watsa mata wuri daga bayan butoci.

A bakin kwari wurin tsohon suka faɗi a kife duka. Ya ɗago ya zuba wa Mutaz ido.

Mutaz ya ce, "Baba, jakinka ya nutse. Laka ta kai maka ƙugu."

"Ni?"

"Kai, Baba. Sai in wani ya komo."

Aka dubi Hafizu, wanda taki ɗaya ya rage masa ya shiga Gadarif, ƙarshen hanyar wasan.

"Wasa ne fa, Baba," ya ce yana dariya, ya tura dutsensa gaba.

"Ni ce ungozoma, na koma," Hajja Atine ta ce. "Tun ina yarinya nake jawo shi daga laka, yau ce zan fasa?"

Dariya ta ɓarke. Baba Daudu bai yi ba. Ya miƙe ya kaɗe jallabiyarsa.

"Caca ci take yi, wannan ba ta ci kowa ba. Yaron nan ya kashe mini jaki a gaban mutane, bai yi mini ƙarya ba. Wancan kuma ya bar ni a kwari." Ya juya ga Mutaz. "Kana da manya?"

"Kawuna Haladu yana garin Hawata."

"In hanya ta bushe, ya zo."

Bayan an yanke dawa aka ɗaura aure. Baba Daudu ya sa musu albarka a taƙaice: Allah ya ba su zaman lafiya, wanda ya yi gaba ya waiwayi ɗan'uwansa. Aka shafa.

Da jama'a suka watse, ya kira angon gefe.

"Gobe ka kawo wasan nan. Ina son jakina."