Sunan da Habiba Ta Kira

"Kwanta! Kwanta, tsoho!"

Ɗanƙarami mai gadi bai gama ajiye butarsa ba Kolo ya sauke masa gindin bindiga a kafaɗa. Ya kife. Modu ya ɗaure shi, ya cusa masa rawaninsa a baki. Biyu saura ce ta ranar Juma'a, mazan site duk suna masallaci. Site ɗin gidaje goma sha shida ne cikin katanga ɗaya a hanyar Mirya, ba kowa ciki sai mata.

Su uku ne. Kolo ne shef, wato shugabansu, sau biyu yana shiga kaso yana fitowa. Modu mai tuƙin moto, babur ɗinsu. Na ukun Safiyanu, shi ya kawo aikin. Shekara biyu ya yi yana kafa kamera a wani kamfanin tsaro kafin a kore shi, kuma na wannan site da hannunsa ya kafa su. Sati uku suna shiri a bayan wani gareji.

"Waya ɗaya ce," ya ce musu. "In na datse ta, ba mai ganinmu. Zinariyar Alhaji Auwalu Bakano tana bene, ƙofa ta huɗu."

Ya datse ta kuwa. Abin da bai sani ba, bayan korarsa an ƙara kamera huɗu masu aiki da hasken rana.

Can cikin gari Habiba ce kaɗai a ɗakin sa ido na kamfanin. Hotuna takwas suka mutu a gabanta lokaci guda. Huɗu suka rage. Ta ga mutum uku, fuska a naɗe. Ta fizgi talho, ta kira 'yan sanda.

"Alo, komisariya! Ajudan Mustafa? Fashi a siten hanyar Mirya! Mutum uku, bindiga biyu!"

"Minti goma sha biyar, madam. Sahun masallata ya cika titi."

"Matan nan ba su da minti goma sha biyar!"

Ta ga sun kama matakala. Tani, matar Alhaji, tana shanya a baranda, ƙofarta a buɗe. Habiba ta danna lasifikar site.

"Ku ukun nan, ina kallonku! Tani, shige ki rufe! Kowa ta sa sakata!"

Garam! Garam! Ƙofofi suka ɗauka.

"Wace 'yar iska ce wannan?" Kolo ya ɗaga bindiga. Tau! Lasifikar baranda ta tarwatse.

Muryar ta fito ta wata kusurwa. "Saura uku. Harba, ka ƙarar da harsashinka."

Kolo ya yaye naɗin fuskarsa, ya matso gaban kamera. "Kalle ni da kyau! Kolo ne! Ban taɓa shiga gida na fito hannu wofi ba!"

Ya koma kan ƙofar Tani. Duka ɗaya, duka biyu, sakata ta fara lanƙwasa. A ciki Tani ta tura firji ta danne, tana salati.

Habiba ta dubi agogo. Minti shida kawai suka wuce. Sai idonta ya faɗa kan na ukun, wanda ke rakuɓe da ƙarfen ɓalle ƙofa. Yana jan ƙafar hagu. Ta san ranar da ya faɗo daga tsani ya samu wannan ɗingishi, ita ta kai masa fura gidan likita.

"Safiyanu," ta ce. "Ajiye ƙarfen nan ka zauna. Wannan ba aikinka ba ne."

Kolo ya daina dukan ƙofa. Ya juyo a hankali.

"Ta san ka?"

"Wallahi shef, tsohuwar abokiyar aiki ce..."

"Ka ce ba mai ganinmu! Sayar da mu ka yi, ɗan banza!"

"Shef, tsaya —"

Tau!

Safiyanu ya zube. Jiniya ta taso daga nesa. Modu bai jira kowa ba. Ya dira ƙasa, ya haye moto, ya fice shi kaɗai.

"Modu! Modu, uwarka!"

Kolo ya biyo da gudu, amma Habiba ta riga ta danna makulli, babbar ƙofa ta rufe gam. Ya yi ta harbin ƙofar har bindiga ta yi shiru. Da su Ajudan Mustafa suka danne shi a ƙasa, bai dube su ba. Kamera yake kallo.

"Zan fito! Kin ji ni? Zan fito!"

"Ina nan," in ji Habiba.

Mai ya ƙare wa Modu kusa da Gafati, manoma suka riƙe shi kafin magariba. Hannun Ɗanƙarami bai sake ɗaguwa ba. Safiyanu ya cika a mota, ba a kai ga likita ba.

Wajen ɗaukar bayani Ajudan ya ajiye biro. "Madam, da ba ki kira sunansa ba..."

"Da gawar Tani za a wanke. Na kira, Ajudan. Rubuta haka."

Ranar uku ta je gaisuwa. Uwar Safiyanu ta ji ko wace ce, ta kau da kai. Mata suka janye tabarma daga kusa da ita. Habiba ta zauna a kan ƙasa har aka shafa fatiha, sannan ta sa takalmanta ta wuce aiki.