Wayar da Ba a Jona Ba

An watse daga biki a Kwatarkwashi bayan lisha, Jatau na naɗe wayoyin sabuwar rakodarsa mai faifai, wadda duk Gusau babu mai irinta. Sai ga wani tsoho da goge a hammata, yana warin jiƙaƙƙiyar toka.

"Samari, ɗauki nawa kiɗin."

Jatau ya dube shi sama da ƙasa, ya ja tsaki. Wannan busasshen ƙoƙon ne zai shiga na'urar da manyan makaɗa ke wa layi? Ya yi masa abin da ya saba yi wa ƙauyawa masu naci: ya miƙa masa makirufo, bai jona wayar ba.

"To goga, Baba, mu ji."

Ya ɗora abin saurare a kunne don cika wasan. Sai fitilun rakodar suka hau har ja. Kukan goge ya cika masa kai, mata suna amshi, suna kiran sunan mahaifiyarsa.

Ya dubi hannunsa, kan wayar na nan a tafinsa. Ya ɗaga ido. Gogen na kwance a cinyar tsohon, bai ko taɓa shi ba.